Tiya ta Goma Sha Ɗaya

Mayahi, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Muddassir,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Inna tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, tarin ne dai ya ƙi sakin ta. Ta ce in gaya maka ka rage shan ruwan sanyi, sai ka ce akwai wani ruwan sanyi a Dirku. Wata biyu ke nan da kamfanin haƙar rijiyoyi ya tafi da kai arewa, sau ɗaya muka ji ka a waya, shi ma rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke mu kafin mu gama gaisuwa. Shi ya sa na koma takarda irin ta da. Abdul Razak direba ya ce duk tafiyarsa zai riƙa kai maka.

To, batun abin da ka ɗora mini a waya kafin ka tafi. Ka san na raina shi. Na ce Baba Mai Nasara, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin yana awon hatsi a butik, shagon nan namu, bai taɓa tambayar kowa nimeron waya ba. Amma gaskiya ɗaya ce, abinka yana aiki. Mace ta sayi gero, in danna nimeronta in sa yawan tiya, ranar da ta cika goma saƙo ya shiga wayarta cewa ta sha ɗaya kyauta ce. Ka ga yadda suke zuwa suna nuna mini waya, kai ka ce takardar Makka aka ba su. Waɗanda suka gudu wajen Alhajin nan na Tasawa mai babban shago sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna cewa dama ƙafa ce ta yi musu nisa. Ni dai dariya nake yi in auna musu. Kada kanka ya kumbura.

Akwai wata magana. Ka tuna Baba Hashimu, Sarkin Noman Tsamiyar Kura ta bayan Kanan Bakashe, aminin Baba, wanda ya yanka ragon sunanka? Tun muna yara shi ke kawo mana hatsi mu saya. Bana shi ke saye. Yakan zo ana sallar azahar, lokacin da layi ya yi tsit, ta ƙofar baya. Amalankensa cike da harawa, a sa buhu a ƙasa a mayar da harawa sama. Zuwan farko ya ce, “Ɗiyata, auna mini tiya ashirin, baƙi gare ni.” Zuwa na biyu ma baƙi. A na uku bai ambaci baƙi ba, ni ma ban tambaya ba.

Rannan na cika hannu biyu zan zuba masa gyara mai kauri, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, “Furera, ni Sarkin Noma ne. Ba a yi mini sadaka da hatsi.” Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai dabara ta zo mini. Na ce, Baba, ba ni ba ce, dokar waya ce, duk wanda ya cika goma sai ya ɗauki ta sha ɗaya, ko kwamanda ne. Ya dubi wayar, sannan ya yi dariya ya ce, “To in inji ya ce, mi zan ce? Ba ni gardama da inji.” Ya ba ni nimeron wayar gidansa, wadda ke hannun ɗansa Rayyanu. Yanzu kowane zuwa yana tafiya da tiya biyu da bai biya ba, kuma kansa a ɗage. Wannan kaɗai ya sa na yafe wa abinka duk wahalar danne-dannen da yake ba ni.

Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, takarda hannu da yawa take bi. Kai ɗan Mai Nasara ne, ka gane.

Azumi na bakin ƙofa. Ka kula da kanka.

Yayarka,
Furera


Dirku, 2 ga Afrilu

Yaya Furera,

Barkanmu da shan ruwa. Na samu takardarki, na karanta ta sau uku, ɓangaren da kika ce abina yana aiki kuma sau goma. Zan sa ta a firam in rataye, don ba kullum ake jin Yaya ta ce ta yi kuskure ba. Ina lafiya. Azumi a nan ba a magana, leɓe tsagewa yake kafin hantsi. Ki gaishe da Inna, ki ce ruwan da muke sha ya fi shayinta zafi.

Jiya aka kawo mu gari, na samu rezo na kusan awa biyu, na buɗe na ga komai. Nimero ɗari uku da goma sha bakwai kika shigar! Alhajin Tasawa yana da mota da babban sito, amma bai san mutanensa ba, mu kuwa muna da su a tafin hannu.

Batun Baba Hashimu, na gane sarai. Wannan shi ne manomi mai hangen nesa. Rumbu uku gare shi, ya ƙi taɓa su sai tsakiyar damina lokacin da yunwa ke tsananta, yanzu yana ciyar da masu azumi da na kasuwa. Harawar kuwa don masu sa ido ne a hanya. Ki duba fa, Yaya: Sarkin Noma guda, wanda ya san hatsi fiye da kowa a ƙasar Mayahi, ya tsallake shagon Alhaji ya zo namu. Akwai talla da ta fi wannan? Mutum irin wannan ba tiya biyu ya kamata a ba shi a ɓoye ba, girmama shi ya kamata a yi a gaban jama'a.

Don haka na rubuta saƙo da hannuna, na ɗaure shi da ranar 30 ga wata, ƙarfe tara na safe. Zai shiga duk wayoyin nan lokaci guda. Ga abin da ya ce: “Shagon Mai Nasara na jinjina wa gwarzon masu sayenmu, Sarkin Noma Hashimu na Tsamiyar Kura. Kowane mako sai ya auni gero a wajenmu. Ku yi koyi da shi.” Kada ki gaya masa, ina so ya zo masa ba zato. Da ina nan da na so in ga fuskarsa.

Kada ki manta da ɗaya abin da na nuna miki, muryar da na naɗa. Duk wanda ya yi kwana talatin ba ki shigar da shi ba, waya za ta riƙa kiran shi kowace Juma'a da hantsi, ya ji ina gaishe shi. Yawancin mutanenmu ba sa karatu, amma kowa yana jin daɗi a tuna da shi.

Jibi za a wuce da mu can cikin hamadar Tenere, wajen wata sabuwar rijiya. An ce za mu yi wata biyu ko fiye, kuma can ko tsuntsu ba ya samun rezo. In kin ji shiru kada ki damu.

Ƙanenki,
Muddassir


Mayahi, 25 ga Afrilu

Muddassir,

Muna lafiya. Jiya da yamma takardarka ta iso, kwana ashirin da biyu a hanya.

Ba ka gane ba. Wallahi ba ka gane ba, kuma laifina ne da na yi maka magana a dunƙule kamar kana nan kana ganin abin da nake gani. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ko wa zai buɗe takardar nan ya buɗe. Babu komai a rumbunan Baba Hashimu. Bara ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai, tsutsa ta ƙarasa sauran. Abin da ya girba bai kai su watan sanyi ba. Ya rufe rumbunan nan uku kamar yadda ya saba kowace shekara, bai gaya wa kowa ba sai matarsa Iya A'i da Rayyanu. Shanunsa yake kaiwa kasuwa mai nisa ɗaya bayan ɗaya, ya zo nan ya auni gero. Kullum da safe Iya A'i tana auna wa matan da suka zo ƙofar gida, suna zaton ragowar buhunan bara waccan ne. Garin nan duka yana zaune ne saboda suna ganin rumbunan Sarkin Noma ba a ko taɓa su ba. Suna cewa in ta yi tsanani akwai na baya.

Ka tafi lakwal, karatun boko a Zinder, kana ɗan shekara goma sha biyu, ba ka zauna gindin tiya ba. Ni na zauna. Ka san me ya sa Baba ya fasa ƙofa a bayan butik? Don manomin da rumbunsa ya ƙare ya shigo ba a gan shi ba. Manomi ya sayi hatsin awo, a wajensu tsirara ce. Baba yakan ce mai awo idonsa a tiya, bakinsa a rufe. Ko Inna bai taɓa gaya mata wa ya bi ta ƙofar nan ba. Wannan shi ne abin da ya riƙe mana mutane shekara talatin.

Na kira ka ya fi sau hamsin. Na kira nimeron ofishinku, ba ya shiga. Yau da safe na hau mota zuwa Tasawa wajen wani mai gyaran waya da aka ce ya san irin abin nan. Ya yi ta fama, a ƙarshe ya ce ni shigarwa kawai nake iyawa, goge saƙo sai da kod, wato lambar sirri, kuma kod ɗin wayarka ake aika wa. Masu abin ba su da ofis a ko'ina, ba wanda za ka je ka durƙusa wa.

Saura kwana biyar. Na san takardar nan ba za ta riske ka ba kafin lokacin, amma na kasa zama ban rubuta ba. In Allah ya sa ka hau wani tudu ka ga rezo, don girman Allah, don darajar Baba, ka goge shi.

Furera


Mayahi, 7 ga Mayu

Muddassir,

Ina fatan kana lafiya. Inna da sauƙi. Ban gaya mata komai ba, amma ta ji a bakin maƙwabta.

Saƙonka ya fita, ƙarfe tara daidai, bai makara ko da minti ɗaya ba.

Kafin in ba ka labari bari in faɗi nawa laifin. Ranar Asabar kafin nan Baba Hashimu ya zo kamar kullum. Na yi niyyar gaya masa. Na auna, na ɗaure buhu, na raka shi har bakin amalanke, bakina ya ƙi buɗuwa. Ta yaya zan dubi tsohon nan in ce na san rumbunka wayam ne, kuma jibi-jibi kowa zai sani? Na ce wa kaina wataƙila ka samu rezo, wataƙila abin ya lalace. Na bar shi ya tafi yana sa mini albarka. Wannan ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Rayyanu ne ya zo ya gaya mini yadda aka yi. A Tsamiyar Kura akwai mai cajin waya a gindin tsamiya, kusa da rijiya, a nan ake tara wayoyin gari da safe. Ya ce wayoyi kusan ashirin suka yi ƙara lokaci guda. Mai cajin ya iya boko, ya ɗauki ɗaya ya karanta da ƙarfi, yana murna an ambaci garinsu. Har wasu suka fara tafi. Sai wata tsohuwa da ke jan ruwa ta tsaya da guga a hannu ta ce, “To, mi Sarkin Noma ka yi da hatsin awo kowane mako?”

Kafin la'asar mutane sun taru a ƙofar gidansa. Zama kawai suka yi suna jiran ya fito. Ya fito da babbar rigarsa, ya wuce su zuwa rumbunan, ya sa tsani da kansa. Rayyanu ya so ya hau, ya hana shi. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu ya hau ya ture murfin na farko, ya sauko, ya ja tsani zuwa na biyu, sannan na uku. Ya ce, “Ku leƙa.” Da wani ya hau ya leƙa, sai ya sauko ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Baba Hashimu ya ce, “Na so in kai ku ga ruwan shuka da zuciya kwance, Allah bai nufa ba. Daga yau kada wanda ya sake ce mini Sarkin Noma.” Ya shiga gida, har yau bai fito masallaci ba.

A cikin mako ɗaya gida tara sun rufe ƙofa sun tafi, wasu Maraɗi, wasu sun nufi arewa da yara.

Butik kuwa, tun ranar ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar baya. Mutum goma sha huɗu ke bi ta nan bana, ba zan faɗi sunansu ba ko gare ka. Sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, wata mai zuwa sunan wa za a karanta? Har masu shigowa ta gaba sun ragu. Wata ta gaya mini a fuska, “Gara Alhaji, shi bai san sunan kowa ba.” Waɗanda suka rage, na daina shigar da nimeronsu. Ban sake taɓa abinka ba.

Garin neman gira mun rasa ido, Muddassir. Ina fushi da kai, ina fushi da kaina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Furera


Tenere, 18 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, motar da ta kawo mana man gazuwal za ta juya yanzu. Ina lafiya, na yi baƙi na rame, in kin gan ni sai kin tambayi suna. Mun samu ruwa a mita ɗari da tamanin, makiyaya suka yanka mana akuya.

Ban samu ko takarda ɗaya daga gare ki ba tun ta watan Maris. Na san ciniki ne ya hana ki zama, ba komai. Yaya Baba Hashimu ya yi da ya ji saƙon? Na tabbata ya yi ta dariya yana cewa ɗan Mai Nasara ya girma. Mutum nawa suka ƙaru? Ki ba ni labari dalla-dalla, kada ki rage.

Wani ƙaramin tsautsayi: wayata ta faɗa ramin laka na injin haƙa, ta tafi har da pis, wato katin layina. An ce sai na je Agadas da kaina da katin shaida kafin a mayar mini da nimerona, wataƙila sai an gama kwangila a watan Agusta. Amma kada ki damu, na biya na shekara guda, komai zai ci gaba da tafiya da kansa ko ba na nan.

A gaida Inna.

Muddassir


Mayahi, 22 ga Yuni

Muddassir,

Barka da Sallah. Mun yi layya lafiya, Inna ta ajiye maka soyayyen nama a kwalba. Takardarka ta 18 ga Mayu ta iso, na gane nawa biyu ba su kai gare ka ba. Na karanta inda ka ce komai zai tafi da kansa, na ajiye takardar na fita waje.

Ya tafi da kansa kuwa. Na manta da batun muryarka. Da na daina shigar da mutane, abin ya ɗauka kowa ya ƙaurace mana. Tun ƙarshen Mayu, kowace Juma'a da hantsi, wayoyi ɗari uku suna ƙara, a ɗauka a ji ka: “Salamu alaikum. Shagon Mai Nasara ne ke gaishe ku. Kwana biyu ba mu gan ku ba, ko lafiya? Ku zo, tiyarku ta kyauta tana jiran ku.” Na koma shigar da su don ya yi shiru, amma wanda bai zo ba me zan shigar masa? Da na sa wa wata sayen ƙarya, saƙo ya je mata cewa ta sayi tiya ɗaya, ta zo har butik ta zage ni. Yanzu a kasuwa in ana so a yi wa mutum ba'a sai a ce masa, kwana biyu, ko lafiya?

Kashegarin Sallah na ɗauki buhu guda na je Tsamiyar Kura. Gidan da a da ake yanka rago uku, bana ko kaza ba a yanka ba. Rumbunan suna nan a buɗe, murafun a ƙasa inda ya yar da su. Na same shi kwance a zaure, ya zama rabin yadda ka san shi. Iya A'i ta ce in an dama fura sai ya tambaya hatsin ina ne, in na awo ne ya kau da kai. Rayyanu ya kai shi likita a Kanan Bakashe, suka ce ba su ga ciwo ba, ya ci abinci kawai.

Na durƙusa na ce, Baba, ka yafe mana. Ya ce, “Tashi, ɗiyata. Ni na ce ba ni gardama da inji. Ubanki shekara talatin yana ganin tsiraicin mutane bai taɓa ɗaga ido ba. Na zaci ƙofar nan tana nan yadda ya bar ta.” Na ce ga buhu na kawo. Ya ce, “A kai ma matan da ke bakin rijiya. Gidan nan ya gama cin hatsinku.” Bai faɗa da fushi ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Wayar gidansu ma ana kiran ta. Rayyanu ya so ya cire pis ɗin ya jefar, amma ta nan ƙannensa biyu da ke Libiya suke samun su. Ya so ya riƙa kashe kiran, tsohon ya hana. Ya ce ba a barin sallama a ƙasa. Duk Juma'a sai a kara masa wayar a kunne, ya ce, “Amin, alaikumus salam, ɗan Mai Nasara. Lahiya lau.” Ya saurare ka har ka gama, sannan ya juya ya fuskanci bango.

An yi ruwan shuka ranar Talata. Karo na farko tun yana saurayi ba shi ya fara sa iri a ƙasa ba.

Furera


Dirku, 28 ga Yuni

Yaya Furera,

Jiya muka dawo gari. Abdul Razak ya bar takardunki biyu wajen mai shayin tasha, ta Afrilu da ta Mayu, sun yi sama da wata a cikin gwangwanin sukari. Na karanta su a tsaye.

Na ɗauko ta farkon na sake dubawa. Komai yana ciki, azahar, ƙofar baya, harawa, baƙin da ba su zo ba. Kin faɗa mini, ni ne idona ke kan nimero ɗari uku. Ba laifinki ba ne. Mutumin da ya yanka ragon sunana, ni na tsaya a gaban garinsa na tuɓe masa riga, kuma ina jiran a gode mini.

Na gaya wa shugabanmu zan tafi, ya ce in na tafi kafin Agusta kada in dawo. Na ce to. Ayarin motocin Agadas zai tashi mako mai zuwa, da shi zan bi. Ina karɓar nimerona zan kashe komai, sannan in wuto gida. Na aro waya na kira ki sau huɗu yau, ba ta shiga.

Ga wata ƙaramar takarda a ciki, ta Baba Hashimu ce. Ki sa Rayyanu ya karanta masa. Ki ce ina zuwa da ƙafata in durƙusa a ƙofar gidansa, ba zan tashi ba sai ya yafe mini. Ki ce ya jira ni.

Ƙanenki,
Muddassir


Mayahi, 14 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Muddassir,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Hashimu ya rasu ranar Laraba da hantsi. Takardarka ta iso ranar Alhamis. Na aika wannan Agadas gidan su Abdul Razak, ko za ta tare ka a can.

Inna tana lafiya, tana gaishe ka, ta ce ka yi haƙuri.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku. Ban taɓa ganin jama'a irin wannan a ƙauye ba. Har waɗanda suka tafi Maraɗi sun dawo, matan da Iya A'i ta riƙa auna wa sun cika tsakar gida suna kuka. Ina zaune a cikin mata kusa da dangar zaure, ina jin duk abin da ake yi a waje. Wayar tana hannun Rayyanu, ya buɗe muryarta don ƙannensa na ta kira daga Libiya ana yi musu ta'aziyya tare. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha ta ƙarshe sai ta yi ƙara. Ni na tuna wace rana ce, na miƙe, amma danga na tsakaninmu. Rayyanu kwana biyu bai yi barci ba, ya danna bai duba ba.

Ka yi sallama, Muddassir. Da muryar nan taka mai fara'a. Kuma maza sama da ɗari biyu suka amsa maka baki ɗaya, don ba su san ko wane ne ba. Sannan ka ce kwana biyu ba ka gan shi ba, ko lafiya. Ka ce ya zo, tiyarsa ta kyauta tana jiran shi. Rayyanu ya yi ta lalube ya kasa samun wurin kashewa, sai da ka gama duka.

Liman ya shafa fatiha, aka watse ba a ko tsaya cin tuwon sadaka ba. Matan da ke kusa da ni suka janye tabarmarsu. Iya A'i ce kaɗai ta taso, ta kama hannuna ta fitar da ni ta bayan gida don kada in ratsa mutane.

Na ba Rayyanu takardarka. Bai buɗe ba, ya sa ta a aljihun rigar mahaifinsa da ke rataye a zaure. Ya ce tsohon ya faɗa tun kafin ya daina magana cewa ya yafe maka, don yaro ne kai, ba ka zauna gindin tiya ba. Wannan na gaya maka ne don ka samu abin riƙewa a hanya.

Na sauke allon da ke ɗauke da sunan Baba daga saman butik, na jingine shi a ɗakin Inna. Ina buɗewa da safe in zauna. Jiya mutum uku suka shigo. Ƙofar baya ban toshe ta ba, ina share bakinta kullum, ban san ko wa nake jira ba.

Ka kashe abin kafin Juma'a in ka iya. Sannan ka taho, zan raka ka Tsamiyar Kura ka yi gaisuwa, dole ne. Amma Iya A'i ta roƙe ni abu ɗaya in isar maka, kuma na yi mata alkawari. Jikokinta sun haddace muryarka, suna jin ta a waya sai su ruga ɗaki. Ta ce ƙofarta a buɗe take gare ka, ka shigo ka zauna ka sha ruwa kamar ɗan gida. Sai dai in mun isa bakin zaure, kada ka yi sallama. Ni zan yi mana.

Yayarka,
Furera